Jakar goyo ɗaya ta isa tafiyar kwana biyar

Ƙasar Nijar tana da iyaka da ƙasashe 7: Najeriya, Benin, Burkina Faso, Mali, Aljeriya, Libiya da Cadi. Iyakar da ke tsakaninta da Najeriya ta kai wajen kilomita 1500. Daga Maraɗi zuwa Katsina bai cika kilomita 100 ba. Daga Birnin Ƙonni zuwa Sakkwato ma haka ne. Daga Damagaram zuwa Kano kuwa wajen kilomita 240 ne. Saboda haka ƙetare iyaka ba baƙon abu ba ne ga ɗan makaranta. In hutu ya zo, wani ya je Daura gaida kakarsa, wata ta raka uwarta biki Illela, wani a kai shi ganin likita, wasu kuma su tafi wasan ƙwallo. Yawancin irin waɗannan tafiye-tafiye ba su wuce kwana 3 zuwa mako guda.

Amma duk wanda ya je tasha da sassafe ya ga abin mamaki. Mai tafiyar kwana uku ya zo da akwati, da buhu, da ƙunshi biyu, da kwano ɗaure cikin kallabi, sai ka ce mai ƙaura. Kafin mota ta tashi ya gaji. Kafin a kai iyaka ya yi faɗa da karen mota sau biyu. Ranar da ya komo gida, in aka kwance kayan, sai a tarar rabinsu ko taɓa su bai yi ba.

Wannan ɗabi'a ta kamata a sake ta. Wanda zai yi gajeruwar tafiya zuwa wata ƙasa, jakar goyo ɗaya ta ishe shi, irin wadda ake ratayawa a kafaɗu biyu. Abin da bai shiga cikinta ba, yawanci ba a bukatarsa.

Abin da mutanen da suka sani

Rage kaya ba sabon wayo ba ne. Matafiyan ƙasar nan sun san shi tun kafin a ƙera mota.

Ayarin gishiri yakan tashi daga ƙasar Agadas, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma, tafiyar wajen kilomita 600. Akan yi kwanaki ba a ga rijiya ba, ba a ga ciyawa ba. Dole raƙuma su ɗauki ruwa cikin salka, su ɗauki ciyawar da za su ci, su ɗauki hatsin da za a musanya da gishiri da dabino. To, ina wurin kayan banza? Mutumin ayari yana da bargonsa, da rawaninsa, da kayan shayinsa, da ɗan guzurinsa. Duk abin da aka ɗora wa raƙumi yana da aikinsa. Abin da ba shi da aiki, a gida ake barinsa.

Fataken goro ma haka suke. Sukan bar ƙasar Hausa da jakuna, su yi watanni kafin su kai Gwanja, kasuwar Salaga, cikin ƙasar Gana ta yau. Kayan ciniki suna da nauyi, amma kayan jikin falke kaɗan ne. Makiyayi kuma har yanzu yana yini daji da sanda, da malfa, da gorar ruwa.

Ko abincin tafiya da kakanni suka ƙirƙiro yana koyar da wannan darasi. Kilishi nama ne da aka yanka falle-falle aka shanya, ruwansa ya fita, nauyinsa ya ragu. Cuku nono ne da aka busar. Ƙuli-ƙuli da dakuwa da dabino ba su da nauyi, ba su lalacewa da wuri, kaɗan daga cikinsu yana riƙe ciki. Mutanen da suka yi tafiyar watanni sun iya rage kaya. Bai kamata jikansu mai tafiyar kwana biyar ya kasa ba.

Wahalar kaya a hanya

Kaya masu yawa suna cin kuɗi tun daga tasha. Jakar goyo kan cinya take zama, ba a biya mata komi. Akwati da buhu kuwa sai an yi cinikinsu dabam, a ɗaure su bisa mota ko a tura su baya. Daga nan mai su ba ya ganinsu. Rana ta buge su, ƙura ta rufe su, in damina ce ruwa ya jiƙa su. Duk garin da mota ta tsaya aka sauke fasinja, sai hankalinsa ya tashi, yana leƙe ko an haɗa da nasa.

A bakin iyaka wahalar ta fi yawa. Can fasinja sukan sauka, su nuna takardunsu ga ƴan sanda, ma'aikatan duwan kuma su duba kaya. Mai jaka ɗaya ya buɗe ta, a duba, ya rufe, ya wuce. Mai ƙunshi biyar sai ya kwance su ɗaya bayan ɗaya, ya baza kayansa ƙasa gaban jama'a, sa'an nan ya sake ɗaurewa, sauran fasinja suna jiransa cikin rana. Sau da yawa kuma motar da ta kawo mutum ba ta ƙetarewa. Sai ya taka da ƙafa, ko ya hau kabu-kabu, ya nemi wata mota a wancan gefe. Mai jakar goyo ya hau babur hannuwansa biyu a sake. Mai akwati sai ya nemi ɗan dako, ya biya, ya bi shi a guje don kada ya ɓace masa cikin taro.

Hanya kuma ba kullum take yadda aka san ta ba. Daga watan Agusta na 2019 zuwa Disamba na 2020 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa. A shekarar 2023 an sake rufe iyakar Nijar da Najeriya, ba a buɗe ta ba sai watan Maris na 2024. A shekarar 2023 ɗin ce kuma aka rufe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil, matafiya suka riƙa ƙetare kogin Kwara cikin kwalekwale. Mota ma takan lalace tsakiyar daji, a ce kowa ya sauka. A irin wannan rana, wanda zai iya ɗaukar dukan kayansa da kansa, ya yi tafiyar awa guda da ƙafa, shi ne mai ƴanci. Wanda ba zai iya ba, kayansa sun ɗaure shi wuri guda.

Akwai kuma maganar ɓarayi. Ido biyu ne ga mutum. Ba zai iya tsaron ƙunshi biyar ba, yana kuma lissafin canji, yana neman hanya cikin garin da bai sani ba. Ɓarawon tasha yana gane baƙo da yawan kayansa da yawan waige-waigensa.

Jiki yana da iyakarsa

Jakar goyo ta fi jakar hannu don dalilin da kowace uwa ta sani. Mace ba ta ɗaukar jariri da hannu ɗaya ta tafi kasuwa. Takan goya shi, ta ɗaure shi da zane da majanyi, ya manne da bayanta, ba ya lilo. Da haka nauyinsa yake rabuwa daidai, hannuwanta kuma su sami damar aiki. Jakar hannu tana karkata mutum gefe guda, kafaɗa ɗaya ta yi ta ciwo. Kayan kai da gammo suna da kyau a hanyar gona, amma ba a shiga mota da su, ba a hawa babur da su.

Sai dai jakar goyo ma in ta yi nauyi cuta ce. Likitoci da yawa suna ba da shawara kada jakar yaro ta wuce kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na nauyin jikinsa. Ga lissafin: yaron da ke da kilo 40, jakarsa ta tsaya tsakanin kilo 4 da kilo 6. Yarinyar da ke da kilo 30, tata ta tsaya tsakanin kilo 3 da kilo 4 da rabi. In jaka ta sa yaro yana sunkuyawa gaba, ko igiyoyinta suna cin kafaɗarsa, to ta yi masa yawa. Jiki magayi.

A tuna kuma ruwa yana da nauyi: lita guda kilo guda ce. Wanda ya cika gorar lita guda da rabi ya riga ya cinye kilo guda da rabi cikin kasonsa. Ruwa kuwa ba a barinsa. Saboda haka wani abu ne dabam zai ba shi wuri.

Abin da ya kamata ya shiga jaka

Na farko takardu. Su ne suka fi komi rashin nauyi, su ne kuma suka fi komi muhimmanci. Rigar da aka manta ana sayen wata a Kano. Takardar da aka manta kuwa tana iya mai da mutum gida daga bakin iyaka. Babba yana bukatar katin shaidarsa ko fasfo. Yaro yana bukatar takardar haihuwa, da katin makaranta, in kuma ba tare da iyayensa zai tafi ba, da takardar izininsu. A shekarar 1979 ƙasashen CEDEAO suka yi yarjejeniya cewa ɗan kowace ƙasa cikinsu yana iya shiga wata ya yi kwana 90 ba tare da biza ba. A watan Janairu na 2025 Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ƙungiyar, bayan sun kafa tasu, wato AES. Dokokin takardu sukan canza, don haka sai a tambayi ƴan sanda tun da sauran lokaci.

Akwai kuma katin rigakafin ciwon shawara, wanda ake tambaya a iyakoki da yawa. Katin ba ya fara aiki sai allurar ta kwana 10. Tun daga shekarar 2016 allura ɗaya ta isa har iyakar ran mutum, ba a sake ta kowace shekara 10 kamar da. Wanda ya je neman allura ana gobe tafiya ya makara. Ba a fafe gora ranar tafiya.

A sa takardun nan cikin leda don kada gumi ko ruwan sama ya ɓata su. A yi musu fotokofi, a ajiye dabam. A rubuta sunan mai masauki, da unguwarsa, da lambar wayarsa, da lambar gida, a kan takarda da bik. Salula tana mutuwa, tana faɗuwa, ana sace ta. Takarda ba ta bukatar caji.

Na biyu tufafi. Nan ne mutane suka fi yin kuskure, don suna lissafin riga guda ga kowace rana. Tafiyar kwana biyar riga uku ta ishe ta: ɗaya a jiki, ɗaya a jaka, ɗaya a igiyar shanya. Wando biyu ko zane biyu sun isa. Cikin rigunan a sa ɗaya mai kyau, ta zuwa masallacin Juma'a ko wurin biki. Guntun sabulu guda yana aikin riga huɗu, kuma bai kai nauyin ɗaya ba. A Kano ko Sakkwato iska busasshiya ce kamar ta gida, rigar da aka wanke da dare ta bushe kafin safiya. A bakin teku, kamar Kotonu ko Akara, iska tana da laima, tufafi ba su bushewa da wuri. Mai zuwa can sai ya zaɓi yadi marar kauri. In lokacin ɗari ne, cikin Disamba ko Janairu, rigar sanyi ɗaya ta isa, a jiki kuma za a sa ta ranar tafiya. Takalmi ma haka: mai nauyi a ƙafa, silifa a jaka.

Zane guda ko mayafi mai faɗi yana da amfani ga namiji da mace. Ana rufa da shi da dare, ana shimfiɗa shi a yi salla, ana goge jiki da shi, ana kare hanci da shi daga ƙura, ana naɗe shi ya zama matashin kai. Kayan da ke aiki biyar ya fi kaya biyar masu aiki ɗai-ɗai.

Na uku kayan tsabta da lafiya: sabulu, da asuwaki ko buroshi, da mataji, da man shafawa cikin ƙaramin gwangwani. Wanda likita ya ɗora wa magani ya tafi da shi cikin kwalinsa, tare da takardar likitan, don kada a tuhume shi a iyaka. In ba a tabbata akwai gidan sauro a masauki ba, a tafi da shi. Yana cin wuri, amma masassarar cizon sauro ta fi shi tsada.

Na huɗu guzuri da kuɗi. Gorar ruwa, da ɗan dabino, da ƙuli-ƙuli ko biredi sun isa yini guda a mota. Kuɗin sefa yana aiki a Benin da Burkina Faso da Mali. A Najeriya naira ake kashewa, a Gana kuma sidi. A raba kuɗin gida biyu: kaɗan a aljihu don hidimar hanya, sauran a ɓoye a jiki. Kada a sa dukan kuɗi cikin jaka.

Na biyar ƙananan abubuwa: tocila, da abin cajin salula, da ɗan littafin rubutu. Ramukan lantarki na Nijar biyu ne, masu zagaye. Na Najeriya da Gana uku ne, masu kusurwa. Ɗan abin haɗi da ake kira adafta yana warware wannan matsala. Littafin rubutu kuwa shi ne kayan aikin ɗan makaranta. Ciki zai rubuta sunayen garuruwan da ya ratsa, da farashin abubuwa, da sababbin kalmomin da ya ji, ya kawo wa ajinsu.

Yadda ake shirya ta

Ana saura kwana biyu, a baza dukan abin da ake so a ɗauka bisa tabarma. A ɗauki kowane abu a yi masa tambaya uku. Wace rana za a yi amfani da shi? In babu shi, me zai faru? Ana samunsa can inda za a je? Abin da ba shi da ranarsa, a mai da shi ɗaki. Abin da ake samu a kowace kasuwa da kuɗi kaɗan, shi ma a bar shi.

Sa'an nan a naɗe tufafi kamar tabarma, don naɗi ya fi ninki rage wuri. Abu mai nauyi a sa shi kusa da baya, mai sauƙi daga waje. Abin da za a nema a hanya, kamar ruwa da takardu, a sa shi sama ko cikin aljihun jaka. A ajiye leda guda ta tufafi masu dauɗa. A ja igiyoyi biyun daidai, jaka ta manne da baya, kada ta sauka ƙasa da ƙugu.

Bayan haka a gwada. A kai jakar wurin mai sikeli a auna ta. A goya ta a zagaya unguwa na rabin awa. Wanda ya komo yana haki, sai ya koma bisa tabarma ya sake rage kaya. Kuma kada a cika jaka fam. A bar kashi ɗaya cikin huɗu ba komi, don abin da za a komo da shi.

Masu cewa ba haka ba

Akwai masu ganin wannan shawara ba ta dace ba, kuma maganarsu abin saurare ce.

Na farko uwa ce. Takan ce: «Ɗana, ƙara wannan rigar, ba a san abin da Allah zai yi ba.» Ƙauna ce ta sa ta faɗi haka, kuma gaskiya ne ba wanda ya san gobe. Amma in za a ɗauki kaya don duk abin da zai iya faruwa, ko amalanke ba ta isa ba. Katsina gari ne, akwai kasuwa, akwai kantin magani, akwai tela. Abin da ya kamata a yi wa tanadi shi ne abin da ba a saye: takardu, da maganin da likita ya rubuta, da lambar wayar gida. Yaro mai ladabi ba ya gardama da uwarsa. Sai ya ce: «Inna, ki yi haƙuri ki ɗaga jakar nan ki ji. Ni zan ɗauke ta daga tasha har gidan Kawu.» Uwar da ta ji nauyin da hannunta, ita da kanta za ta fara cire kaya.

Na biyu masu jin kunya ne. Suna cewa wanda ya sauka gidan mutane da ƴar jaka ɗaya, za a ce matsiyaci ne. Ƴan mata masu zuwa biki sun fi jin wannan, don ana so kowace rana a fito da sabon ɗinki. To, biki yana da hakkinsa, a tafi da kayan ado ɗaya ko biyu. Amma mutuncin baƙo yana ga tsabtarsa, da gaisuwarsa, da yadda yake taya masu gida aiki. Ba a taɓa yabon baƙo don ya cika ɗakin mutane da akwatuna ba. Gidaje da yawa a birni ɗaki ɗaya ne ko biyu. Baƙon da ya rataye jakarsa a ƙusa ya sauƙaƙa wa mai masaukinsa.

Na uku maganar tsaraba ce, ita ce kuma ta fi ƙarfi. Ba a zuwa gidan dangi hannu sake, ba a kuma komowa gida a ce wa ƙanne babu komi. Wannan al'ada ce mai kyau, tana ƙulla zumunci, bai kamata a yar da ita ba. Sai dai tsaraba ba da nauyi ake auna ta ba. Ƙullin kilishi, ko cuku, ko dabinon Kawar, ko turare, duk suna shiga jakar goyo, kuma sun fi rabin buhun gero faranta ran wanda aka kai wa. Wurin da tsarabar zuwa ta bari, nan tsarabar komowa za ta zauna. In kuwa iyaye sun ba da buhun albasa ko na wake a kai wa dangi, wannan saƙo ne na manya. Babban da ke rakiya shi zai yi cinikinsa da direba, ba a ɗora wa yaro.

Akwai dai waɗanda jaka ɗaya ba ta isar su, kuma ba laifinsu ba ne: ɗan kasuwa mai kai haja, da mai jego da jaririnta, da marar lafiya, da mai zuwa karatu na shekara guda. Maganar nan ta mai gajeruwar tafiya ce, mai lafiya, wanda zai je ya komo cikin mako.

Saƙon da ba a san cikinsa ba

Akwai wani kaya wanda ko ƙanƙane ne bai kamata ya shiga jaka ba. A tasha ko kusa da iyaka wani yakan matso kusa da yaro, ya yi masa fara'a, ya ce: «Samari, taimake ni da ɗan ƙullin nan, in mun ƙetare in karɓa. Ga na goro.» Masu fasa-ƙwaurin ƙwayoyi, irin su taramol, suna son yara da mata, don sun san ba a cika tuhumarsu ba. In aka kama abin, wanda aka same shi a jakarsa shi ake riƙewa. Mai ƙullin kuwa ya ɓace.

Amsar ɗaya ce: «Baba, ka yi haƙuri, an hana ni karɓar saƙo.» Sa'an nan yaro ya gaya wa babban da ke tare da shi. Ko saƙon maƙwabci ne aka kawo gida, a buɗe shi gaban iyaye kafin a sa a jaka. Nan ma mai kaya kaɗan ya fi kwanciyar rai. Ya san duk abin da ke cikin jakarsa, yana iya lissafa shi da ka. Mai ƙunshi biyar, ana iya cusa masa na shida bai sani ba.

In tafiyar ta jirgin sama ce

Wanda zai tashi daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zai tarar can ma doka tana bayan mai kaya kaɗan. Ana barin fasinja ya shiga jirgi da ƙaramar jaka ɗaya. Kowane kamfani yana da iyakarsa, yawanci tsakanin kilo 7 da kilo 12. Babban akwati cikin jirgi ake zuba shi, wani lokaci kuma ya yi ɓatan hanya, mai shi ya sauka ya kwana biyu yana jira. Jakar da ke hannun mutum ba ta ɓata.

Tun shekarar 2006 yawancin filayen jirgi ba su barin a shiga da abu mai ruwa, kamar turare ko man shafawa, in kwalbarsa ta wuce mililita 100. Wuƙa da reza ba su shiga jakar hannu. Mai zuwa ƙasashen Tarayyar Turai kuma ya sani an hana matafiyi shiga da nama da kayan nono, don haka kilishi da cuku sai su tsaya gida.

Amfanin tafiya

Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi. Ɗan makarantar da ya je Kano ya kamata ya ga ganuwa, da dutsen Dala, da kasuwar Kurmi, da marinar Ƙofar Mata. Wanda ya je Katsina ya ga hasumiyar Gobarau. Ya ji yadda Hausar can ta bambanta da ta gida, ya ga allunan hanya da Ingilishi, ya gwada lissafin naira da sefa. Duk wannan sai mai hankali a kwance, mai ido a sake. Wanda ya ƙare tafiyarsa yana ƙirga ƙunshi, ƙunshin kaɗai zai ba da labari.

Shirya jaka ɗaya kuma horo ne. Yana koya wa yaro ya bambanta abin da yake bukata da abin da yake sha'awa, ya yi tunanin gobe tun yau, ya wanke rigarsa da kansa, ya ɗauki nauyin kansa ba tare da ya ɗora wa wani ba. Wanda ya iya wannan yana shekara 12, zai more shi ranar da zai tafi kwaleji ko jami'a nesa da gida.

Tambayoyi

1. Waɗanne ƙasashe ne suke da iyaka da Nijar?
2. Don me mutanen ayari ba su ɗaukar kayan banza?
3. Yaro yana da kilo 50. Kilo nawa ya kamata jakarsa ta yi, mafi ƙaranci da mafi yawa? In ya sa ruwa lita 2, kilo nawa ya rage wa sauran kaya?
4. Mene ne ma'anar «Ba a fafe gora ranar tafiya»?
5. Cikin dalilai uku na masu cewa ba haka ba, wanne ya fi ƙarfi? Don me?

Aiki

Kowane ɗalibi ya rubuta jerin kayan da zai ɗauka in zai yi tafiyar kwana 4 zuwa wata ƙasa maƙwabciya, da Hausa da Faransanci. Ya ba maƙwabcinsa na tebur ya soke abu uku, su tattauna dalili.